Ruwan Shiru a Monembasiya

Ruwa aka aike ni in ɗebo, tulu ɗaya, kafin duhu ya shiga.

Yawon buɗe ido ya kawo mu Monembasiya daga Larisa, ni da ƙawata Froso da yayanta Lefteris. Ni na zaɓi garin, don na daɗe ina karanta labarinsa a tsofaffin littattafan da nake saye a bakin titi. Froso wankan teku ya kawo ta. Lefteris shi ke da mota. Ban gaya wa kowa ba cewa ko kufai aka ce za a je zan bi, muddin shi zai tuƙa.

Zuwanmu ya dace da jajibirin idin Yohanna. Mai masaukinmu, wata tsohuwa da ake kira Kira Stamatiya, ta ce 'yan matan unguwa za su yi ruwan shiru. Budurwa ce ke ɗebo shi ba tare da ta ce uffan ba, kowace ta jefa zobenta a tulun, a rufe da jan ƙyalle ya kwana a waje, da safe a ciro a ji wanda kowace za ta aura.

"Anthula za ta ɗebo," in ji Froso, tana nuna ni. "Wannan ko ƙafarta ka taka, da ido za ta ba ka haƙuri. Ni kafin in kai ƙofa na gaisa da rabin gari."

Ta haye sama neman zobenta. Tsohuwar ta miƙo mini tulun, amma ba ta sake shi ba.

"Uwa da uba duk suna raye, 'yar nan?"

Mamata ta rasu da hunturun da ya wuce. Na san mai ɗebo ruwan dole iyayenta su kasance da rai, na karanta haka. Na ɗauka zancen littafi ne. Kuma ina son in ji sunan da zai fito da zobena. Na gyaɗa kai.

Ta ce in hau tsohon garin da ke kan dutsen da ke saman unguwar, akwai rijiya bayan wani coci. Daga lokacin da guga ya taɓa ruwa, bakina ya rufe sai na tsallake dokin ƙofarta. Ko wa ya kira, kada in amsa. Waɗanda suka amsa, in ji ta, wasu sun sauko bebaye, wasu teku ce ta dawo da su.

Hanyar ta duwatsu ce, mai santsi, tana lanƙwasa. Na yi ta cin karo da baƙi suna saukowa, fuskokinsu sun yi ja da rana. Daga baya sai ni kaɗai. A saman babu gida ko ɗaya mai rufi. Iska na ɗauke da gishiri da ƙamshin busasshiyar ciyawa, gyare kuma sun cika wurin da kuka.

Na zura guga. Ya taɓa ruwa.

Gyaren suka yi tsit, duka a lokaci ɗaya.

Na cika tulun, na rungume shi, na juyo. Ruwan ya fi ƙanƙara sanyi, ina jin sa har cikin haƙarƙarina. Ban yi nisa ba ƙamshin ciyawar ya ɓace. Wani ya maye gurbinsa: sabulun wanki da kirfa.

Ƙamshin rigar mamata ke nan.

Sai takun silifa a bayana. Ƙafa ɗaya na taka ƙasa, ɗaya ana jan ta. Haka take tafiya tun da gwiwarta ta lalace.

"Anthulaki," aka ce a hankali. "Haka kika fito, ba rigar sanyi?"

Ba mai kirana da wannan sunan sai ita. Na ci gaba da tafiya.

Ta biyo ni tana mita, irin tata. Na rame. Wa ke dafa mini abinci? Babana yana shan maganinsa kuwa? Ta yi ɗan tarin nan nata na ƙarshen magana. Hawaye na zuba cikin tulun, ban iya sharewa ba.

"Yaron nan ne, ko? Yayan Froso. Kika bar ni na tafi ba ki gaya mini ba. Gaya mini yanzu, ni ce fa."

Bakina ya buɗe da kansa. Kalmar ta hau har kan harshena.

A lokacin na lura muryar ba a bayana take ba. Ta koma hagu. A hagun kuwa babu ƙasa. Gaɓar dutse ce, teku na can ƙasa tana bugun duwatsu. Ƙafafuna sun bar hanya tuni, suna bin muryar. Tsakuwa ta gangara daga ƙarƙashin takalmina. Ban ji saukarta ba.

Na sunkuyar da kai. A cikin ruwan tulun na ga fuskata, da wata a kan kafaɗata.

Doguwa ce, fara fat, gashi a jiƙe. Bakinta a buɗe yake, ba ya motsi.

"Anthulaki," aka ce daga cikinsa.

Yatsu masu sanyi suka sauka a ƙeyata.

Na ciji leɓena har na ji gishirin jini. Na ja da baya. Na ruga.

Silifar ta biyo ni, yanzu ba a jan ƙafa. Tana maimaita sunana, da tarin, sunana, da tarin, babu numfashi a tsakani.

Na faɗi a gwiwa ɗaya. Tulun bai fashe ba.

Sai hayaƙi. Sai ihun yara suna tsallake wutar da ake hurawa daren idin a dandali. Lefteris ya taso daga kan dakali yana tambayar ko wani ya taɓa ni. Na wuce shi da gudu, na tsallake dokin ƙofa, na zube.

Kira Stamatiya ta taɓa ƙeyata. Gashina sharkaf yake, yana warin rijiya. Ta yi tofi sau uku, ta yi alamar gicciye. Froso ce ta gaya mata zancen mamata.

"Wawiya," in ji tsohuwar. "Kin hau wa aljanun rijiyar da muryar da za su ara."

Ta fita da tulun ta fasa shi a bakin ganuwa. Ba wadda ta jefa zobe a shekarar. Lefteris ya zauna kusa da ni, ya riƙe hannuna, bai tambaye ni komai ba. Yanzu shi ne mijina.

Na sauko da raina da muryata. Amma kafin wannan tafiyar, in kewa ta dame ni, nakan rufe ido in jiyo mamata tana mita, in yi barci. Har yanzu muryar na zuwa. Sai dai in ta zo, tashi nake in kunna fitila, don ban san wace ce a cikinsu ke kirana ba.