Wayar da Ta Yi Ƙara a Tebur na Ɗaya

Sufeto Hamoonga bai so zuwa ba. Satar waya a otal aikin kofur ne, shi kuwa furfura ta riga ta ci rabin kansa. Amma da aka ce masa a zauren gasar ces ne ta Afirka, wato darar nan mai sarki da sarauniya, wadda ake yi a nan Ndola, sai ya ɗauki hularsa.

Ya tarar da zauren tsit, kowa ya yi cirko-cirko. Shugabar alƙalan wasa, Madam Nalishebo, ta tarbe shi fuska a murtuke.

"Wayata ce, Yallaɓai. A kashe na bar ta cikin durowa. Ana fara zagayen ƙarshe ta kama ƙara daga aljihun kwat ɗin Chileshe. An saita mata ƙararrawa."

"To ai an ga waya. Meye na kiran 'yan sanda?"

"A dokarmu, wanda waya ta yi ƙara a jikinsa ya faɗi. Shi kuwa yaron nan, in ya ci wasan yau, shi zai tafi Turai gasar da ake tace masu neman kambun duniya. Kwamiti zai zauna kafin faɗuwar rana. In ba a wanke shi ba, kujerar ta tafi, sunan ɓarawo kuma ya bi shi."

Chileshe Kapambwe na zaune a lungu, siririn saurayi, idanunsa sun kaɗa. Ya ce bayan wasan safe, wanda suka tashi kunnen doki, ya manta kwat ɗinsa a kan kujera. An kulle zauren, kowa ya tafi cin abinci.

"Wa kake zargi?"

Idon yaron ya kai kan Domingos, ɗan Angolan da yake karawa da shi.

Domingos ya rantse yana ɗakinsa yana barci. Ƙarya ce, kuma ba ta yi nisa ba: masu gadi sun gan shi a bayan kicin yana zuƙar taba a ɓoye, don kocinsa ya hana shi. Daga can kuwa babu hanyar shiga zauren.

Madam ce ta kawo abin da ya ɗaure wa kowa kai. Allunan gasar na lantarki ne, duk ɗan da aka motsa sai ya fito a intanet. Masu kallo daga waje sun yi ta turo tambaya: wa ke wasa a tebur na ɗaya da tsakar rana? A zauren da yake kulle, wani ya mayar da 'ya'yan yadda suke kafin a tashi wasan safe, ya ba da sarauniya a banza, ya bi da doki, ya kashe sarki.

Sufeto ya yi murmushi. Ɓarawon da zai tsaya gyara wasan wani, ai ba ɓarawo ba ne na sana'a.

Ya sa aka jera 'ya'yan kamar yadda suke kafin a tashi wasan safe. Domingos ya duba har ya gaji, ya ce kunnen doki ne. Chileshe ya ƙura wa allon ido, ya girgiza kai.

"Wa ya koya maka wasa?" Sufeto ya tambaye shi.

"Baba Sikazwe. Tun ban kai tsawon tebur ba."

A ƙarƙashin bishiyar mangwaro Sufeto ya same shi, tsoho mai tarin da aikin haƙar tagulla ya bar masa. Shi ya taya jera alluna da safe, shi aka aika ya mayar da makulli. Ya ce yana kasuwa yana cin nshima, tuwon masara, da kifi lokacin da abin ya faru.

"Na ji an ce ka yaye zakaru, Baba."

"Uku." Ya ɗaga yatsu. "Ɗaya na Sifen, ɗaya na Amurka. Ta ukun ban ma san inda take ba. Da farko sukan kira. Daga baya sai saƙon Kirsimeti. Yanzu a jarida nake ganin wasanninsu, ina gane hannuna a ciki."

Maganar ta soki Sufeto. 'Yarsa ɗaya tilo tana aikin jinya a Ingila, kuma shi ma ya san yadda mutum ke ajiye waya kusa da kwanon abinci ko za ta yi ƙara. Ya ji kewarta ta taso masa, ya danne. Ya gayyaci tsohon ciki.

"Ni ban iya wasan nan ba," in ji Sufeto, yana nuna allon. "Amma manyan duk sun ce yaronka ya yi daidai da safe. Babu hanyar ci a nan."

"Su wa suka ce?"

"Kowa. Har da wani gwani da ya zo daga Masar."

Tsohon ya yi tsaki. "Yaran na'ura. Tsoron ba da sarauniya suke kamar uwarsu ce."

Hannunsa ya riga hankalinsa. Sarauniya, doki, sarki ya mutu. Sai da ya ɗago ya ga fuskar Madam.

"Haka aka buga shi da tsakar rana, Baba," in ji Sufeto a hankali. "Allon ya nuna wa duniya. Kai kuma kana kasuwa."

Tsohon ya nemi kujera ya zauna. Bai yi musu ba.

"Na sa wayar a aljihun kwat ɗin, na juya zan fita, sai na ga allon. Yaron ya bar ci a ƙasa. Na kasa wucewa." Ya yi tari mai tsawo. "Cewa na yi wasa ɗaya ne zai rasa. Yaro ne, zai sake samu bayan shekara biyu. Shekara biyun nake so, Yallaɓai. Likita ma bai yi mini alkawarinsu ba. Duk yamma yakan zo, mu kafa allo a bakin ƙofa. In ya hau jirgi, wa zai zo?"

Kwamiti bai ɓata lokaci ba. Aka ce a ci gaba da wasa daga inda aka tsaya.

Sufeto bai sa wa tsohon ankwa ba, hannunsa kawai ya riƙe. Sun kai bakin mota Chileshe ya iso, numfashinsa sama-sama. Tsohon ya sunkuyar da kai yana jiran zagi.

"Baba, duk wanda ya ci, ana ba shi damar tafiya da koci ɗaya." Ya matso kusa da tsohon. "Sun ce in ɗauki Bature. Na ce musu in ba da kai ba, ba ni zuwa. Sun yarda. So na yi in ci tukuna, in gaya maka."

Daga ciki Madam ta leƙo ta ce agogon wasan Chileshe na tafiya.

Yaron ya juya ya koma zauren. Sufeto ya buɗe ƙofar motar, ya tsaya yana jira, don tsohon bai daina kallon ƙofar zauren da ta rufe ba.