Layi na Shida a Takardar Likita

Da hantsin wata Laraba, a shekarar ƙarshe ta mulkin soja, aka kira Sufeton 'yan sanda Tukur Illo zuwa unguwar Mabera. Alhaji Sodangi mai manyan motoci ya rasu, jini na tsattsafowa ta hancinsa da dasashinsa, jikinsa duk ya yi shaci baƙi kamar wanda aka lakaɗa wa duka.

Dangi kuwa har sun yanke hukunci. Bawa, ƙanen mamacin, ya tare Sufeto a zaure.

"Sammu ne, ranka ya daɗe. Matatai Iyatu ita kaɗai ka ba shi abinci. In ba ku tahi da ita ba, mu mun san abin da za mu yi."

Sufeto ba ya son mai kawo ƙara da hukunci a aljihu. Ya wuce ciki.

Iyatu na zaune a ƙasa, idanunta sun bushe. Ta miƙo masa kwanon magungunan mijinta. Kwalba biyu ce, da wata takarda a ninke.

"Wanga na tsinka jini ne, daga Ingila, tun da anka yi mai aikin zuciya. Wanga ko na ƙwannafi ne. Da shina kwana zaune, ƙirji na ƙuna. Tun da ya fara sha yas samu barci."

"Wa ya ba shi?"

"Amininai, Malam Maigandi disfensa, mai kantin magani. Tsarabar Umara ce."

Da azahar Sufeto ya kai kwalaben wurin likitan gwamnati. Likita ya juya ta biyun, fuskarsa ta canza.

"Sabon magani ne, mai kyau kuwa. Amma yana hana jiki fitar da na tsinka jinin, sai ya taru. Mako biyu zuwa uku, jini ya ƙi tsayawa."

Likita ya warware takardar. Wasiƙar likitan Ingila ce, umarni shida da Turanci. Na shida ya ce kada a sha wani maganin ciki sai an tambayi likita. A bayanta wani ya juya umarnin da ajami, domin Alhaji bai yi boko ba. Sufeto ya ƙirga da yatsa, ya sake ƙirgawa. Biyar ne.

Sufeto ya tarar da Maigandi a kantinsa na magani, ya sha farar riga, yana karɓar gaisuwar rasuwa kamar ɗan'uwa.

"Zamzam da dabino kaɗai na kawo mai," in ji shi. "Ban ma san shina shan wani magani ba."

Sufeto ya ajiye kwalbar mai tambarin wani kantin Jidda. Sannan ya kife takardar a kan teburin, ajamin na sama, kusa da wata takardar magani da Maigandi ya rubuta wa wata tsohuwa da ajami yanzu-yanzu. Hannu ɗaya ne.

"Na tambaya a ofishin kwamitin soja," in ji Sufeto a hankali. "Ranar Litinin mai zuwa ya kamata Alhaji ya ba da shaida kan kwalayen maganin da suka ɓace daga sito na gwamnati. Motarsa ce ta ɗauko su, bai san na sata ba ne. Ina aka sauke su, Malam?"

Maigandi ya dubi bayan kantin, ya dubi ƙofa, inda kurtun 'yan sanda biyu ke tsaye.

"Layin na tsallake shi bara, don ganda kawai, ƙiwar rubutu," ya ce. "Da Alhaji yac ce sai ya faɗi gaskiya gaban soja, sai na tuna da layin. Na san ba ya mayar da tsaraba."

Aka sa masa ankwa, aka tura shi cikin mota.

Kafin la'asar Sufeto ya koma Mabera, ya faɗa wa Bawa a gaban jama'a cewa Iyatu ba ta da laifi. Bawa ya sunkuyar da kai. Sufeto ya zaci labarin zai sanyaya mata rai, abin da ya sa ya shiga da kansa ke nan.

Ta saurara har ya gama, tana kallon tafin hannunta.

"Kwana goma sha tara," ta ce. "Safe da dare, ni ka miƙa mai shi da ruwa. In ya haɗiye, sai ya ce mani Allah shi yi albarka."