Fitilar Ɗakin Dogo

Duk lokacin da Auta ta tuna ranar da ta fara ganin Injiniya, ƙarar takunsa take fara ji kafin fuskarsa ta zo mata. Da la'asar ne, hadari ya haɗo, gari ya yi duhu. Tana kan keken ɗinkinta a falo sai ta ji ana hawowa bene, taku ɗaya da ƙarfi, ɗaya ana jan ƙafa. Ta tsayar da keken. Mutum ɗaya ta sani mai irin wannan tafiya, yayanta Dogo, shi kuwa an daɗe da binne shi bayan hatsarin mota.

Aka ƙwanƙwasa. Da ta buɗe sai ga wani saurayi siriri da tsani a kafaɗa. Nauyin tsanin ne ya sa yake jan ƙafa.

"Ni ne mai gyaran wuta. Injiniya ake ce mini, duk da ban taɓa ganin ƙofar jami'a ba. An ce ƙwan fitila yana muku wasa."

Ƙwan ɗakin Dogo yake nufi. Tun da Umma, mahaifiyarsu, ta rasa ganinta, ta hana a kashe fitilar ɗakin, dare da rana. Kwanan nan kuma ƙwan ya kama ƙiftawa shi kaɗai, ko da wutar sauran ɗakunan lafiya lau take.

Kafin Auta ta ba shi amsa, Umma ta ɗago kai daga kujerarta ta bakin taga, fararen idanunta suna kallon ƙofa.

"Ka dawo?"

Ranar da Gwaggo, ƙanwar marigayi babansu, ta ce wa Umma ƙiri-ƙiri ta daina jiran matacce, a ƙasa aka ɗauki Umma sai asibiti. Likita ya ce zuciyarta ba za ta sake ɗaukar firgita ba. Auta ta haɗa tafukanta tana roƙon baƙon da ido. Ya dube ta, ya dubi tsohuwar, ya jingine tsaninsa a hankali.

"Na dawo, Umma."

Umma ta miƙo hannu, ya durƙusa ya ba ta nasa. Ta daɗe tana shafa yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Can ta saki.

"Ka rame. Auta, ki ba yayanki abinci."

Ya bi wayar ɗakin daga makunni har silin, ya sa tasta, abin gwajin wuta, a soket, ya canza ƙwai. Bai ga matsala ba. Yana saukowa daga tsani sabon ƙwan ya ƙifta sau ɗaya, kamar mai gaisuwa.

A kan matakala Auta ta riske shi tana ba shi haƙuri. Ya yi murmushi yana juya filaya a hannu.

"Ina ƙarami uwata ta rasu. Rabon da wani ya ce na rame har na manta. Gobe in dawo in ƙara duba wayar?"

Ya dawo gobe, ya dawo jibi. Wayar ba ta gyaru ba, shi ma bai daina zuwa ba. Auta ta koya masa abin da Dogo yake so da abin da ba ya so, da yadda yake tari kafin ya yi sallama. Ya riƙa jan ƙafa da gangan in zai hawo bene. A gaban Umma tana ce masa Yaya don dole. Ba ta san ranar da ta fara ce masa haka a kan matakala ba, inda babu mai ji.

"Yaya, ka bar tastarka a kan kekena, saura kaɗan in ɗinke ta cikin rigar mutane."

"Sori, ranki ya daɗe. Da kin ɗinke ta, mai rigar ta huta da neman mai gyaran wuta."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, irin dariyar da gidan ya manta da ita.

Wata yamma ya tsaya a tsakiyar matakala bai sauka ba.

"Auta, aurenki nake so in yi. Kin yarda?"

Ta kalli ƙofar falo, inda Umma ke zaune tana jan carbi.

"Ta yaya, Yaya?"

Iyakar abin da ta iya faɗa ke nan. Ba ta ce i ba, ba ta ce a'a ba.

Gwaggo ce ta faɗi abin da su biyun suke gudun faɗa. Ta zo awon riga, ta ja Auta kicin ta rufe ƙofa.

"Ni dai na ga wasan kwaikwayo iri-iri, amma naku ya fi na talabijin. To sai yaya? Za ku je ku ce wa makauniya ɗanta zai auri 'yarta? Ko kuwa ce mata za ku yi ɗan ya sake mutuwa?"

"Gwaggo, ki rage murya."

"Na rage. Ɗan mai kemis ɗin ƙasan benenku ya aiko sau nawa? Yaro mai hankali, ga sana'a. Ba dole zan miki ba, amma shekaru ba sa jiran mai gyaran ƙwai. Shi kansa Injiniyan kin cuce shi. Aikin da kamfani ya ba shi a wani gari, ba saboda uwarki ya ƙi tafiya ba?"

Auta ba ta san da maganar aikin ba sai ranar.

A makon ne Umma ta sa aka buɗe akwatin Dogo, ta lalubo shuɗiyar rigarsa ta miƙa wa Injiniya.

"Ka riƙa sawa, ta gaji da zama a akwati. Sannan maganar auren yarinyar nan a hannunka take. Ni na gaji da jira."

Ya karɓa da hannu biyu, ya ce to.

Kwana kaɗan bayan haka Auta ta fito daga kicin da rana tsaka, Umma na barci. A ƙarshen lungun da ke kaiwa ɗakin Dogo ta hango shuɗiyar riga tana tafiya, an juya mata baya, ana jan ƙafa, haske na ƙiftawa ta ƙasan ƙofa. Kofin hannunta ya faɗi. Mai rigar ya juyo, Injiniya ne.

"Wa kake ja wa ƙafa? Umma ai barci take yi."

Ya dubi ƙafarsa kamar ba tasa ba.

"Na ja? Wallahi ban sani ba. Jiya ma a wurin aiki an yi ta kirana ban waiga ba, sai da wani ya taɓa ni."

Daga nan ta yanke shawara. Mutumin da take so yana narkewa cikin rigar matacce, kuma ita ta sa masa. In ta auri wani, ba shi da sauran abin da zai riƙe shi, zai bi aikinsa ya koma kansa, a ce wa Umma Dogo ya yi tafiya. Ta kira Gwaggo a waya ta ce ta amince da ɗan mai kemis. Ta kashe wayar ta kifa kai a kan keke, ta jiƙe yadin mutane da hawaye.

Da ta gaya wa Injiniya, bai yi faɗa ba.

"Oke. Allah ya sanya alheri. Amma ni ba inda za ni. In kin tafi, wa zai riƙa hawo mata bene?"

"Don ka tafi fa na yi."

"Ni kuma don ki samu tafiya zan zauna."

Suka tsaya suna kallon juna a kan matakala, kowa ya ba da abin da yake da shi, kuma babu wanda ya samu komai.

Ranar da Gwaggo ta zo kai wa Umma maganar, ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya. Falon ya yi duhu duk da azahar ce. Gwaggo ta zayyana kirkin ɗan mai kemis tun daga gaisuwarsa har tsaftar takalminsa. Umma ta saurara har ƙarshe, sannan ta juya fuskarta daidai inda Injiniya yake zaune.

"Kai me ka ce?"

"Na amince, Umma."

"Ke fa, Auta?"

Auta ta kau da kai.

Umma ta ajiye carbinta.

"Ku kai ni ɗakin can."

Rabon da ta taka ɗakin tun ranar rasuwa. Suka riƙe ta hagu da dama, Gwaggo na biye tana salati ƙasa-ƙasa. Ɗakin sanyi ƙalau, takalman Dogo na jere a gindin gado, ƙwan na ƙiftawa a sama, inuwarsu na ɓacewa tana dawowa a bango. Umma ta zauna a bakin gadon ta shafa zanin.

"Dogo ƙafar hagu yake ja," ta ce. "Kai kuwa yau dama, gobe hagu, wata rana ma sai ka kai rabin bene kake tunawa."

Ta juya fuskarta wajen Injiniya.

"Ɗana yana kabari. Ni na haife shi, na san ba zai hawo bene ba. Ranar farko dai zuciyata ta ruɗe ni, ban ƙi ba. Amma ina kama hannunka na san ba nasa ba ne. Nasa akwai tabon ƙuna a babban yatsa."

"Umma," Auta ta durƙushe a gabanta, "to me ya sa kika yi shiru?"

"Saboda baƙo ya ce mini Umma ba don ya ci riba ba. Saboda na ji dariyarki a kan matakala. Na ce a raina, gida babu namiji, in na ce na gane shi, da wane dalili zai riƙa shigowa bakin mutane bai bi ku ba? Sai na bar masa ƙofa a buɗe, ina jiran ku zo ku faɗa mini. Ke a tsammaninki makanta kurunta ce? Yayan da kike ce wa Dogo daban, Yayan da kike ce wa wannan daban. Na farkon da baki kike faɗarsa. Na biyun sai kin ja numfashi."

Gwaggo ta riƙe haɓa.

"Oh ni. Wato mu masu ido mu ne 'yan kallo."

"Ke dai ki yi shiru, uwar gaggawa. Na ba shi riga, na ce aure a hannunsa yake. Me ya rage in yi, in buga ƙararrawa? Shi ne zai kawo mini ɗan mai kemis."

Injiniya ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan shuɗiyar rigar.

"Tsoron zuciyarki muka ji, Umma."

"Ni ma tsoron taku na ji. Ga shi nan mu uku kowa ya ɓoye wa ɗan'uwansa gaskiya da sunan ƙauna, saura kaɗan mu yi asarar abin da muke karewa. Haƙurinku Allah ya gani, ba zai tafi a banza ba. Amma ku riƙe wannan: sadaukarwar da aka yi a ɓoye, ba a tambayi wanda ake yi dominsa ba, takan zama cuta. In kuna son mutum, ku yi masa magana." Ta ɗaga fuskarta sama, wajen ƙwan da ba ta gani. "Fitilar nan don kaina na bar ta, ba don shi ba. Shi addu'a yake buƙata. Cire rigar nan, ɗana, ka kashe mana ita."

Ya cire rigar ya ninke a kan gado. Ya taka zuwa bango da tafiyarsa ta ainihi, ƙafa biyu daidai. Hannunsa bai kai ga makunni ba ƙwan ya yi haske fari fat, sannan ya mutu.

Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar ruwa a kan taga.

"Ƙonewa ya yi," Injiniya ya ce a hankali. "Ya daɗe a kunne." Amma bai sauke hannunsa ba.

Umma ta laluba cikin duhun ta kamo kan Auta.

"An yi miki tambaya a kan matakala, ina ji, ba ki amsa ba. Ni ba na ganin gyaɗa kai. Ki faɗa da baki."

Auta ta share fuskarta ta miƙe. Ba ta ganin fuskarsa sosai, amma ta san inda yake tsaye. Ta ja numfashi.

"Yaya, na yarda. Na yi maka alkawari a gaban Umma da Gwaggo, kai zan aura, kai ɗin nan da tafiyarka da sunanka. Kuma daga yau duk abin da zan yi dominka, sai na fara gaya maka."