Ƙofar Wankan Dareta

Ranar da Nusaiba ta sauka daga babur a Dareta, mutum na farko da ta gani fari fat yake da ƙura tun daga hula har takalmi. Haƙoransa da idanunsa kawai ta iya ganewa, su ma dariya suke yi mata.

"Ni ne Almustapha, shugaban masu niƙa dutsen zinare. Ke ce 'yar jami'ar da za ta karance mu?"

"Halayyar ma'aikata a wurin aiki nake karanta, digiri na biyu," ta ce. "So nake in gano me ya sa mutum zai san ƙurar nan guba ce, amma ya koma gida da ita a jikinsa."

"To fara da ni, Malamata."

Da shi ta fara kuwa, ta kasa gamawa. Kafin damina ta faɗi, saƙonsa ne ke tashin ta da safe a Gummi: "Malamata, yau injin ya ƙi tashi. Ina jin shi ma ke yake jira."

Inna, mahaifiyarta, kam ko sunansa ba ta son ji. A Yargalma suke zaune shekarar da gubar dalma ta kwashe yara, har da ƙanen Nusaiba, Haris, wanda kullum ke rugawa ya rungume babansu in ya dawo daga niƙa.

"Ɗiyata, ba ni ba ki ga mai shigowa gida da ƙurag ga," ta ce. "Na rufe ɗa guda, ba ni rufe jika. Ga Mas'ud ɗan yayata nan, da shagonai na magani."

Nusaiba ta rasa inda za ta sa kanta. Ta zauna ta miƙe, ta buɗe littafi ta rufe. Ta lallashi masu injin suka kafa wurin wanka da zana, aka kawo randuna da sabulu, ta tara ma'aikata ta yi musu bayani har muryarta ta dishe. Kowa ya gyaɗa kai. Da yamma kowa ya wuce gida da ƙurarsa, har Almustapha.

Ana cikin haka Mas'ud ya tare shi a kasuwar Anka, ya ce ai shi babi ne kawai a rubutunta, tana kammalawa za ta manta da shi. Saƙon Almustapha da ya biyo baya gajere ne: "In kin gama karanta ni, ki faɗa mini."

Kukan da ta yi ranar na haushi ne. Washegari ta koma Dareta, ba ta yi wa kowa tambaya ba. Ta zauna gefe tana kallo kawai, kamar yadda malamanta suka koyar.

Lokacin tashi ya yi. Wani ya ɗauki sabulu ya nufi zanar, ya ɗaga kai, sai ya ajiye ya wuce. Na biyu ma haka. Ta bi inda idanunsu ke zuwa. Ƙofar wankan tana fuskantar gindin bishiyar bedin da dattijo Sharu, mai injin, ke zama kullum. Surukin wasunsu ne, kuma kawun da ya reni Almustapha. Wa zai shiga wanka a gaban surukinsa?

Ta dafe kai. Ita da kanta ta zaɓi wurin, wai don Sharu ya riƙa ganin masu shiga.

"Ogana," ta ce wa Almustapha, "juya mini ƙofar nan ta kalli daji. Kuma kai za ka fara shiga. Ba maganarka suke bi ba, ƙafarka suke bi."

"Wanga ma na littafi na?"

"Littafin ya ƙone in ya so. Uba nake nema wa 'ya'yana wanda za su runguma su rayu."

Nan take ya kama zana. Kafin sati ya zagayo, layi ake yi.

Inna ta zo da kanta, ba sanarwa. Ta tsaya har Almustapha ya fito cikin wankakkun kaya, ya durƙusa ya gaishe ta.

"Miƙo hular."

Ta shimfiɗa baƙin mayafinta a cinya, ta kakkaɓe hular a kai da ƙarfi. Ta daɗe tana duban mayafin. Ko ɗigon fari babu. Hawayenta ne suka fara sauka a kansa.

"Da an yi haka tun can, da Haris ya isa aure yanzu," ta ce. "Ka turo Sharu."

Bayan Sallah aka ɗaura aure a Gummi. Da za a tafi da amarya, Inna ta riƙe hannunta.

"Allah shi yi muku albarka, shi ba ku ɗiya masu rugowa tarbar ubansu. In sun rugo, ki bar su su rungume shi."