Kiɗan da Ba a Ɗora Wa Waƙa

Gab da magariba surukata Inna Kulu ta leƙo ɗakina.

"Hanne, mijinki bai dawo daga gona ba. Garayar kuma ba ta jikin bango."

Na miƙe zumbur.

Garayar ta kakansa ce, Kabo maharbi. Tare da ita aka gaji wani tsohon kiɗa mai sanyi, wanda in ka ji sai ka tuna duk wanda ka binne. Tun satin da aka kawo ni garin Balan, Inna ta ja mini kunne: wannan kiɗan ba a ɗora masa waƙa. Da gangan mutanen da suka bar shi haka, don masu shi murya suke nema, kuma ba sa tafiya ba makaɗi.

Maigidana Musbahu dariya yake yi wa zancen. Kwana biyu kafin nan ya ji ina daka ina rera waƙar marigayiya mahaifiyata, irin ta matan garinmu Gafasa. Ya ce, "Ke da gaisuwarki ma sai an kasa kunne, ashe haka kike? Maimaita." Ya ɗauko garayar. Waƙar ta zauna a kan kiɗan kamar tare aka haife su. Na yi kuka. Kunya ta hana ni ce masa a'a.

Na yafa mayafi, na ɗauki lauje saboda macizai, na bi hanyar gona.

Dawa ta fi ni tsayi. Ƙasa tana ƙamshin ruwan jiya. Kwaɗi suna ta kuka, sai suka yi tsit lokaci guda.

Sannan na ji kiɗan.

Na ji waƙar kuma. Muryata ce, har da 'yar rawar da take yi in na zo sunan mahaifiyata.

Na taɓa bakina. A rufe yake.

Musbahu yana zaune a gindin tsamiya da garayar, yatsunsa duk jini. Ƙafafunsa sun nutse cikin ƙasa har ƙwauri. Wari kamar na tsohuwar fata da aka jiƙa.

A bayansa wata mace tana daka, ta ba ni baya. Zanena ne a jikinta. Taɓarya na sauka, ba turmi.

"Hanne," ya raɗa. "Hannuna ya ƙi tsayawa."

Na buɗe baki zan yi a'uziyya. Iska ce kawai ta fito.

Ƙasa ta kai masa gwiwa.

Na san waƙar. Saura baiti ɗaya.

Matar ta fara juyowa.

Na runtse ido, na kai wa garayar lauje. Tsirkiya ta tsinke, ta zane ni a kunci. Wani ihu ya tashi, da muryata. Na cafki rigarsa na ja, na ja, har muka zube tsakanin kunyoyin dawa. Daga gari aka ce, "Allahu akbar."

Inna ba ta yi mini faɗa ba. Kallon kuncina kawai ta yi.

Shekara guda ke nan. Musbahu lafiya lau, sai ɗingishi. Magana ta dawo mini bayan kwana tara, waƙa ba ta dawo ba. In na buɗe baki zan yi wa jaririyarmu Sadiya rarrashi, iska ce.

Amma kullum gab da magariba, in ta fara kuka, sai ta yi shiru, ta juya kai wajen gona, tana murmushi.