Notin da Aka Liƙe da Shinkafa

A layinmu na birnin Semarang akwai wata yarinya mai suna Lastri, 'yar aji biyar. Kai, yarinyar nan akwai mafarkin ido biyu! In ka aike ta sayen gishiri, sai ka same ta a bakin titi tana kallon gajimare.

Saura kwana biyu Sallah. Kowa yana shirin tafiya ƙauye, kamar yadda muke yi duk shekara. Mamar Lastri ta riga ta wuce a bas da jariri. Ita da babanta za su bi a babur, tare da ayarin maƙwabta.

Lastri ta ƙagu ta ga kakarta, Mbah Sumi. Idon tsohuwar yana dusashewa. A waya ta ce mata, "Bana ki zo, 'yar nan, tun ina iya ganin fuskarki."

Da la'asar Baba ya wanke babur, ya duba notuna.

"Zan je masallaci," in ji shi. "Kada ki taɓa komai."

"To, Baba."

Yana fita, ta ɗauki sufana. A ƙasan ƙarafa biyun da ke riƙe tayar gaba akwai wasu ƙusoshi masu tiredi, kowace da notinta.

"Bari in ƙara ɗaure su," ta ce a ranta. "Kada taya ta fita a hanya."

Ta fara murɗawa. Hannu yana aiki, hankali kuwa ya tafi ƙauye. Ga gonakin shinkafa kore shar. Ga babur ya bar ƙasa, yana shawagi tare da balbelu. Ga Mbah Sumi can ƙasa tana ɗaga mata hannu. Lastri ta ƙara jan sufana don su yi sauri.

Ƙas!

Ƙusa ta karye. Noti ya gangara ƙasa da guntunta a ciki.

Lastri ta ɗauki notin. Sai ta tuna yadda suke liƙa jirgin takarda. Ta ruga kicin, ta ɗebo ragowar shinkafar sahur mai danƙo. Ta murje ta da yatsa, ta manna notin a wurinsa. Ya zauna daram, kamar ba abin da ya faru.

Da safe maƙwabta suka jeru, kowa ya ɗaure kayansa. Baba ya sunkuya zai duba iskar taya, sai ya tsaya.

"Ikon Allah! Yaushe kiyashi suka fara cin ƙarfe?"

Kiyashi ne jere, tun daga ƙasa har kan noti. Baba ya sa yatsa ya taɓa. Noti ya faɗo.

Ya dubi shinkafar, ya dubi 'yarsa. Lastri ta fashe da kuka.

"Ni ce, Baba. Na ji tsoro ne."

Baba bai yi faɗa ba.

"Karya ƙusa kuskure ne, kowa yana yi," in ji shi. "Ɓoyewar ce ta ba ni tsoro. Da tayar nan ta kwance a gangaren dutse fa?"

Ayari ya tafi ya bar su. Lastri tana kallo har babur na ƙarshe ya sha kwana. Ranta ya ɓaci ƙwarai.

Suka tura babur layi-layi. Duk shagunan gyara a rufe, ai jajibiri ne. A ƙarshen kasuwa suka tarar da wani tsohon bakanike, Pak Warsito, wato Malam Warsito, yana sa kwaɗo a ƙofa.

"Pak, don Allah ka taimaka," in ji Lastri. "Ni na karya, ni na liƙe da shinkafa."

Tsohon ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Shekara arba'in ina walda, ashe a tukunya maganin yake!"

Ya buɗe shago. Ya ɗora wani noti a kan guntun da ya maƙale, ya haɗa su da walda. Da ya huce, ya murɗa a hankali. Guntun ya fito. Ya sa sabuwar ƙusa, sannan ya miƙa wa Lastri sufana.

"Ɗaure. Amma hankalinki ya tsaya nan. Da kin ji ya ƙi gaba, ya isa."

Ta ɗaure a nutse. Wannan karon ko balbela ɗaya ba ta gani ba.

Su kaɗai suka yi tafiyar, cikin rana da ƙishin azumi. Sai dab da shan ruwa suka isa.

Ranar Sallah, bayan idi, Lastri ta durƙusa gaban kakarta don neman gafara, kamar yadda kowa yake yi. Ta faɗa mata komai.

"In kin yi kuskure, ki faɗa tun da wuri," in ji Mbah Sumi. "Abin da aka faɗa, ana gyara shi. Abin da aka ɓoye shi ke kayar da mutum."

Sai ta kama fuskar Lastri da hannu biyu. Ta jawo ta kusa, kusa sosai, har hancinsu ya haɗu. Ta daɗe tana dubawa.

"Alhamdulillahi," in ji tsohuwar. "Na gan ki."