Gadon Jariri Mara Fenti

Gimbiya ta faɗo gida da katin awo a hannu, tana haki kamar an koro ta. Ba jinin sarauta ba ce, mijinta ne ya laƙaba mata sunan tun suna zance, ita kuma ta riƙe abinta gam.

"Kashe injin nan! Don Allah kashe!"

Mijin, wanda duk unguwa ke kira Mai Fenti, yana tsakar gida yana fesa wa wata durowa fenti ruwan zuma. A nan danginsa suke sana'arsu tun zamanin kakansa, kuma tagar ɗakin Gimbiya a kan wurin feshin take buɗewa.

"Lafiya, Gimbiyata? Bebi ne?"

"Bebi lafiya lau! Har motsi ya yi wa likita! Amma ta ce in nisanci warin feshi, da ƙurar tsohon fenti, don wani yana da gubar dalma. Da hayaƙin sigari. Zazzaɓi mai zafi kada in zauna da shi a gida, tenshan ma in rage. Wai irin waɗannan suna iya ƙara wa yaro haɗarin ciwon ƙwaƙwalwa in ya girma. Ba wai dole ba, amma..."

Bai jira ƙarshen "amma" ba. Ya yar da bindigar feshi, ya fizgo tawul ya naɗe mata fuska har ido, sannan shi ma ya toshe hancinsa, wai yana taya ɗansa.

"Za ka kashe ni kafin fentin!" ta ce daga cikin tawul, tana dariya.

Dariyar ce ta fito da Umma, uwar mijin, mace mai jin maganar da ake yi a gida na uku. Tana riƙe da samfefa, takardar nan mai kaushi ta goge katako. Ta ciro tsohon gadon jariri daga sito, wanda duk 'ya'yanta suka kwanta a ciki. Ƙa'idarta ce: mai ciki ita ke kankare tsohon fentinsa da hannunta, ta shafa sabo. Haka ta yi a kowane cikinta.

"Ungo, 'yar nan. Fara da ƙafafun."

Gimbiya ta durƙusa. "Umma, ki yi haƙuri, likita ta hana."

Mai Fenti ya zuba bayani, har da ƙarin abin da likita ba ta faɗa ba.

"Ji min shirme!" in ji Umma. "A cikin fentin nan na yi cikinku duka! Me ya same ku?"

Daidai lokacin ƙanin Mai Fenti ya fito da kofin ruwa zai sha maganinsa. Injiniya ake ce masa, don yana karatun injiniya ciwon ƙwaƙwalwa ya kama shi, ya riƙa jin muryoyin da babu mai yin su. Yanzu da magani ya samu sauƙi, yana aikin katako a shago.

Fuskar Umma ta canza.

"Au! Abin da kike nufi ke nan? Ni na haukata ɗana?"

"Wallahi Umma ban..."

"Daga zuwanki! To ka ji, kai. Ko ta kankare gadon nan, ko ta tattara ta koma inda ba a fenti. In ka bi ta, kada ka sake kirana uwa!"

Ranar Gimbiya ta yi kukan da ya jiƙa tawul ɗin nan sharkaf. Mai Fenti ya rantse zai ɗauke ta su bar gari, su bar ƙasa, in ta kama su koma tsibirin da ba a taɓa jin sunan fenti ba.

"Kana da kuɗin motar tsibirin?" ta ce tana jan hanci. "Zauna. Ba zan raba ka da uwarka ba, kuma ba zan taɓa gadon ba. Ba haushina take ji ba, tsoro take ji."

Haka aka shiga zaman doya da manja na zamani: Gimbiya ta koma ɗakin baya ta rufe taga, kullum ta gaida Umma, Umma ta amsa wa bango. Gadon yana nan tsakar gida da samfefa a kansa, kamar mai jiran hukunci.

Da ranar awo ta zagayo, Gimbiya ta je ta durƙusa. "Umma, ɗanki aiki ya riƙe shi. Ko za ki raka ni?"

Babu aikin da ya riƙe shi. Yana bayan durowa a laɓe, yana addu'a.

Umma ta zari mayafi. "Mu je! Dama ina son ganin likitar nan mai raba uwa da ɗa!"

Duk hanya tana haɗa maganganun da za ta zazzage. Amma da suka zauna gaban likita, sai faɗan ya bi iska. Ta murza bakin mayafi, sannan ta ce a hankali, "Likita, ina da ɗa mai ciwon ƙwaƙwalwa. Da cikinsa na yi aikin fenti. Ni ce?"

Likita ta ajiye biro. "Mama, babu wanda zai iya ce miki ga dalili guda. Akwai gadon jini, akwai abin da ya faru lokacin ciki, akwai abin da mutum ya gamu da shi a rayuwa. Da yawa sun shaƙi abin da kika shaƙa, 'ya'yansu lafiya. Ba ki sani ba a lokacin, ba laifinki ba ne. Amma wannan cikin, kin sani. Abin da za a iya ragewa, a rage."

Umma ta fashe da kukan da ta daɗe tana ɓoyewa. Gimbiya ta rungume ta, ita ma ta kama, har likita ta ce, "To, ai tenshan ɗin ke nan da na hana!"

Abin da ya biyo baya kuwa, sai wanda ya gani. Umma ta shigo gida kamar guguwa.

"Kai! Kwashe injin nan ka kai bayan shago! Jikana za ka kashe?"

Ta ƙwace sigarin Baba, mijinta, daga bakinsa ta nutsa a kofin shayinsa, ta ce ko ya daina ko ya koma titi. An ce har maƙwabcin da ya fenta ƙofarsa sai da ya zo ya ba da haƙuri.

Injiniya ya dafa kafaɗarta. "Umma, likitana ma bai san dalilin ciwona ba, ke kika sani? Bar min maganar gadon jaririn."

Ya ƙera sabo da farin katako, ya goge shi sumul, ko ɗigon fenti babu. A cikinsa aka kwantar da santaleliyar yarinya, mai kukan da ya fi injin feshi ƙara. Umma ta ce muryarta yarinyar ta gado, kuma babu wanda ya musa.

To, 'yan mata da samari, ku ji. Kula da lafiyar hankalin yaro tun yana ciki ake farawa, kuma aikin gida ne duka, ba na mai ciki kaɗai ba. Gimbiya ba ta rama ba, ba ta kuma ba da kai ba, sai ga shi ta tsira da miji, da 'ya, da suruka mai gadin tagarta har yau.